Sarƙa Muryoyi a Kan Kiɗan Kotso: Littafin Aikin Ƙungiyarmu a Gusau

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Daga yau zan riƙa rubuta yadda aikinmu yake tafiya, domin abin da aka gwada da baki a zaure yana saurin ɓacewa idan ba a ajiye shi a takarda ba, kuma ina fatan wasu ƙungiyoyin makaɗa na Zamfara da maƙwabtanta za su sami abin ɗauka ko abin gyarawa a ciki. Abin da muka sa gaba shi ne rera waƙa ɗaya da muryoyi hawa-hawa a gaban jama'a. Ma'ana, yayin da jagora yake tsakiyar ɗan waƙa, wato baiti, wasu muryoyin su riƙa tafiya a ƙarƙashinsa ko a samansa da nasu karin, ba sai sun jira ya dire ba, kuma ba tare da maganarsa ta nutse a cikinsu ba.

A situdiyo wannan abu ne mai sauƙi. Mawaƙi ɗaya yakan rera waƙarsa, a mayar masa da ita a kunne ya ɗora wata muryar a kai, ya sake ɗora wata, sannan kwamfuta ta daidaita duk inda ya kauce. Amma idan aka zo filin biki, yawanci faifan ake kunnawa, mawaƙin ya riƙe makirufo yana bin baki. Mu kuwa muna son a ji wannan sarƙar daga bakin mutanen da ke tsaye a wurin, da numfashinsu da gajiyarsu, kotso yana amsawa a hannunsu.

Ni ne jagora. Muna da 'yan amshi biyar, uku daga cikinsu suna riƙe da kotso kamar yadda aka saba a ƙungiyoyin makaɗan fada, sai sanƙira ɗaya. Akwai kuma wani dattijo da ya daɗe yana amshi a ƙasar Maradun tun yana saurayi, wanda ya yarda ya riƙa zama da mu yana saurare. Baba muke ce masa. Waƙar da muka zaɓa tamu ce, ta noma, kuma gindinta gajere ne da gangan: "Ruwa ya sauka, manomi tashi, gona ba ta jiran mai barci."

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024

Rashin wutar lantarkin da ya game Arewa a ƙarshen watan jiya ya hana mu taɓa kayan sauti, saboda haka muka mayar da zamanmu na sauraro. Baba ya kawo kaset-kaset ɗinsa, muka sayi batir, muka zauna a kan tsofaffin waƙoƙin makaɗan kotso na wannan yanki: Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun wanda ya rasu a 1991. Ba kalmomin muka bi ba a wannan karon. Mun sa kunne ne a daidai gaɓar da jagora yake miƙa waƙa ga 'yan amshi.

Abin da muka ji ya gyara mana tunani tun kafin mu fara. Haɗuwar muryoyi ba baƙuwa ba ce a waƙar Hausa, kuma kowane salo nata yana da suna. Akwai tarbe, inda 'yan amshi suke tarar jagora tun bai ƙarasa saɗara ba. Akwai rakiya, inda suke shiga su tafi tare da shi har ƙarshe. Akwai ƙari, inda suke cika ɗan waƙa da kalmomin da jagora bai furta ba, kuma a waƙoƙin Ɗanƙwairo wannan yakan yi tsawo har mai sauraro ya ji kamar rabin ginin waƙar a wuyan 'yan amshi yake. Bambancin abin da muke nema da nasu shi ne tsawon haɗuwar. Su gaɓa biyu ko uku suke haɗuwa su rabu, mu kuma muna son haɗuwar ta ɗauki ɗan waƙa sukutum.

Na lura da dalilin da ya sa tarbe ba ya ɓata magana. Karin waƙar Hausa yakan fara ne daga sama ya riƙa gangarowa, kamar yadda jimlar Hausa take sauka a hankali a bakin mai magana. To, a lokacin da 'yan amshi suke shigowa da ƙarfi daga sama, jagora ya riga ya sauko ƙasa, saboda haka muryoyin biyu ba sa cin karo a wuri ɗaya, kunne yana iya raba su. Wannan ita ce ƙofar da za mu bi. Da na bayyana wa Baba haka, sai ya ce: "Ɗana, waƙa magana ta. In mutane ba su ji magana ba, kiɗi kaɗai anka yi masu." Na rubuta wannan a bangon littafin, domin da shi za mu auna kowane gwaji.

Laraba, 20 ga Nuwamba, 2024

Makonnin nan mun gwada hanyar da kowa zai fara tunani, wato mutum biyu su rera kalmomi ɗaya a lokaci ɗaya, amma kowa da nasa karin. Ɗaya daga cikin 'yan amshinmu ya iya fiyano, kuma ya san tsarin muryoyi huɗu irin wanda mawaƙan coci suke bi, inda wata muryar takan hau yayin da wata take sauka. Ya tsara mana murya ta biyu a kan haka. A fiyano ta yi daɗi ƙwarai. A bakinmu kuwa sai Hausar ta karkace.

Dalilin a fili yake. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawa ko sauka ko faɗuwa, kuma karin waƙa yana bin wannan hawa da sauka gwargwadon hali. A ɗan waƙa na biyu akwai inda nake cewa noma akwai wuya. Wuya ta wahala daga ƙasa take farawa ta hau, amma murya ta biyu an tsara mata ta sauko a daidai nan, sai abin da ya fito daga bakin mai ita ya zama wuyan da ke ɗauke da kai. Ko inda ma'ana ba ta sauya ba, kalmar da aka juya wa kari takan fito kamar daga bakin baƙon da bai gama koyon harshen ba, kuma Bazamfare ba ya buƙatar a gaya masa kafin ya ji hakan.

Mafita ta farko ita ce muryoyin biyu su hau tare su sauka tare, tazara ɗaya a tsakaninsu. Haka al'ummomi da dama na Afirka ta Yamma masu harsunan karin sauti suke yi idan suna haɗa murya, kuma yanzu na gane abin da ya sa. Waƙarmu a kan matakan sauti biyar take, kamar yawancin waƙoƙinmu na gargajiya. Sai muka ce murya ta biyu ta riƙa tsallake mataki ɗaya ta tsaya a na gaba, ta bi jagora a haka. Kalmomi sun tsira, amon ya yi kauri da cika, kuma ba ya kama da na fiyano. Sai dai a ganina wannan bai kai ga abin da muke nema ba, domin kari ɗaya ne aka yi wa inuwa. Mun ajiye shi don rakiya a ƙarshen kowane ɗa, inda yake ƙara wa direwa nauyi.

Na saurari waƙoƙin mutanen Aka na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya salon waƙarsu cikin fitattun al'adun baka na duniya a 2003. Sukan saƙa kari huɗu a lokaci guda, kowa yana yi wa nasa kwalliya yadda ya ga dama. Abin da ya ba su wannan sarari shi ne kalmomi kaɗan ne a waƙar, mafi yawan rerawar da wasula da gaɓoɓi marasa ma'ana ake yin ta. Waƙarmu kuwa kayan magana take ɗauke da su: kirari, zambo, habaici, tarihin gida. Ba za mu iya ɗauko tsarinsu yadda yake ba, amma ya nuna mana cewa muryar da ba ta ɗauke da sabuwar magana tana da 'yancin da jagora ba shi da shi.

Alhamis, 12 ga Disamba, 2024

Hunturu ya kama sosai. Ƙura ta dusashe muryar mutum biyu, mun rage tsawon zama, mun kuma mayar da shi bayan la'asar maimakon dare. Busasshiyar iska ta ɗaure fatun kotso har amonsu ya hau, kuma da yake daga kotso muke ɗaukar matakin da za mu fara, ɗan amshinmu mai siririyar murya ya riƙa wahala a sama. An sassauta tsarkiya. Babu sabon gwaji, bita kawai.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Wannan shi ne zaman da ya fi kowane amfani tun da muka fara. Shawarar daga Baba ta fito. Ya ce mu tuna da luguden mata, inda taɓare biyu ko uku suke shiga turmi ɗaya ba tare da sun gwabza ba, saboda kowace tana sauka ne a lokacin da 'yar'uwarta ta tashi. Ashe mun daɗe muna neman wurin da za mu jibge muryoyi a kan juna, alhali abin da ya kamata mu nema shi ne gurbin da kowace murya za ta faɗa a cikin tafiyar kiɗa.

A kan haka muka raba aikin gida uku. A ƙasa akwai mutum biyu masu kakkaurar murya, suna maimaita rabin gindin waƙa kawai, "manomi tashi", a hankali, suna jan dogon wasalin da ke tsakiyar kalmar farko har ya cika zagayen kiɗa. Dogon wasali ne kaɗai ake iya ja haka, domin gajere idan aka ja shi kalma ta lalace, kuma ma'aunin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa da rashin nauyinta ya ginu. A tsakiya ni ne, ina kawo ɗiyan waƙa da sababbin kalmomi. A sama kuma mai siririyar murya yana shigowa ne kawai a inda nake jan numfashi, da 'yar gajeriyar magana mai nata karin, ya fice kafin in ɗauko saɗara ta gaba, sai dai wutsiyar muryarsa ta ɗan taɓa farkon tawa.

Daga nan muka kafa ƙa'idar da muke bi yanzu: a kowane lokaci baki ɗaya ne yake ɗauke da maganar da mai sauraro bai taɓa ji ba. Sauran bakunan ko dai su riƙe abin da aka riga aka sani, ko su riƙe wasali. Kunnen ɗan Adam ba ya iya bin sababbin jimloli biyu a lokaci guda, amma idan ɗayar ta riga ta zauna masa, yakan bar ta ta koma kamar wani ɓangare na kiɗa.

Mun kuma gwada rera gindin a kewaye: rukuni na farko ya fara, na biyu ya shigo da farkon gindin a lokacin da na farko ya kai "gona ba ta jiran mai barci". Saboda gangarowar kari da na ambata a baya, masu shigowa suna sama, masu fita suna ƙasa, kuma haɗuwar ta zauna daidai. Wannan sai can cikin waƙa za a yi shi, bayan jama'a sun haddace gindin.

Matsala ɗaya ta fito wadda ban yi tsammani ba. Hannun mai kotso bakinsa yake bi. Makaɗi ya saba kotsonsa ya faɗi abin da yake rerawa, saboda haka da zarar an ba shi kari daban, sai kiɗansa ya bi sabon karin, kotsuna uku su rabu gida uku. Mun yanke cewa masu riƙe da muryar ƙasa su ne za su riƙe ginshiƙin kiɗa, tunda abin da suke rerawa ba ya sauyawa, shi kuma mai siririyar murya ya ajiye kotso gaba ɗaya. Bai ji daɗin haka ba, domin makaɗi marar abin kiɗa a hannu yana jin kamar an rage masa daraja a idon jama'a, amma ya amince.

Litinin, 27 ga Janairu, 2025

Wani abokina ya aro mana na'urar maimaita murya ƙirar Boss daga Kaduna, irin wadda ake takawa da ƙafa. Mutum yana rera saɗara, ya taka, ta riƙa maimaita ta ba tsayawa, ya ɗora wata a kai. Da ita mawaƙi ɗaya yake zama ƙungiya a kan dandamali, kuma 'yan'uwana matasa sun ƙwallafa rai a kanta.

Mun ba ta haƙƙinta na gwaji, kuma hukuncina shi ne ba ta dace da filin wasanmu ba. Tsawon abin da ta ɗauka ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, alhali kiɗan kotso yana ɗumi ne a hankali, saurinsa yana ƙaruwa yayin da waƙa take kankama, har makaɗan ba sa sanin sun ƙara. Da na'urar a kunne, sai mutum shida suka koma bayin wani abu da ba ya jin su. Bayan haka jagora ba ya sanin tsawon ɗan waƙa tun daga gida. Idan wani babban mutum ya shigo, dole in karkata in ambace shi da iyayensa da garinsu, kuma 'yan amshi masu rai suna ganin haka su jira ni, ita kuwa ba ta jira. Akwai kuma matsalar makirufo: duk lokacin da aka ɗauki murya, amon kotso yana kutsawa ciki, sai ya taru hawa-hawa har ya zama gunji.

Inda ta yi amfani shi ne bita. Mun ɗauki muryar ƙasa da tawa a cikinta, muka tura wa kowa a wayarsa ta WhatsApp, domin ya riƙa rera nasa kason a gida yana jin sauran. Na gargaɗe su kada su yi bitar ɗauka da abin kunne marar waya, saboda jinkirin da Bluetooth yake kawowa ya isa ya koya wa mutum shigowa a makare.

Asabar, 15 ga Fabrairu, 2025

Jiya Juma'a muka fitar da waƙar gaban jama'a karo na farko, a wani bikin aure a Tudun Wada, bayan la'asar, a kan titin ƙofar gidan ango. Mun je da wuri domin mu zauna da mai kayan sauti, kuma ya ba mu haɗin kai. Abu na farko da muka roƙa shi ne ya rufe eko. Masu kayan sauti a nan suna son sa, kuma yana yi wa murya ɗaya ado, amma eko maimaita murya ne, saboda haka idan muryoyi uku suna saƙa, shi sai ya mayar da su tara, guraben da muka sha wahalar buɗewa duk su toshe. Na biyu, lasifikoki su kasance a gabanmu suna fuskantar jama'a, domin kada makirufo ya kama abin da ke fita daga cikinsu su yi kuka. Na uku, tazarar da ke tsakanin makirufo da makirufo ta ninka tazarar baki da makirufo aƙalla sau uku, yadda kowanne zai ɗauki mai shi kaɗai. An rage wa muryoyin ƙasa ƙarfi a mikisa, aka ɗaga tawa kaɗan.

Mun tsaya a rabin da'ira, kafaɗa kusa da kafaɗa, maimakon jeri ɗaya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan ɗaya, kuma akwai doguwar katanga a ƙarshen layin da take mayar mana da amon kotso a makare. Duk wanda ya saurari lasifika ko katanga zai kauce, saboda haka na ce kowa ya saurari bakin na kusa da shi, ya kuma kalli hannun mai babban kotso.

Mun fara kamar yadda kowa ya sani, jagora da amshi, har gindin ya zauna a bakin mutane. A ɗa na huɗu muryar ƙasa ta shigo, na ga kawuna sun ɗago. Da muka kai ga kewayen gindi, mata daga cikin gida suka ɗauki rukuni na biyu da kansu suna tafi, ba wanda ya koya musu, kuma wannan ya faranta mini rai fiye da kuɗin da aka liƙa. Inda abin ya cushe shi ne lokacin liƙi. Sanƙira ya shiga kirari da ƙarfinsa, kuma kirari sabuwar magana ce, ga tawa, ga mai siririyar murya a sama. Na ɗan lokaci ba a jin kowa. A nan take na ɗaga wa mai siririyar murya hannu ya yi shiru, muka bar sanƙira a gurbinsa. Daga yanzu haka tsarin yake: idan sanƙira ya buɗe baki, shi ne hawa na sama.

Bayan an tashi wani dattijo daga dangin amarya ya kira ni gefe. Ya ce: "Yaro, muryoyinku da daɗi, amma ba haka munka san kotso ba. Kotso na sarakuna na, ba a yi mai hayaniya." Na gode masa, kuma ban ɗauki maganarsa da wasa ba. Kiɗan fada yana da natsuwa da sarari, kuma shirun da ke tsakanin jagora da amshi yana cikin kwarjininsa. Idan muka cike kowane gurbi, mun kashe wannan. Ra'ayina shi ne sarƙar ta dace da waƙar noma da ta biki, inda taron kansa yake son shiga, amma ba zan kai ta gaban basarake a waƙar yabo ba sai da ragi mai yawa.

Laraba, 26 ga Fabrairu, 2025

Mun saurari abin da aka ɗauka da waya daga tsakiyar taro, muka ba wasu mutum uku da ba su je bikin ba, muka ce su faɗi abin da jagora yake cewa. Sun kawo kalmomin ɗiyan farko daidai. A ɗa na shida, inda muryar ƙasa ta hau mataki ɗaya ta matso kusa da tawa, dukkansu sun rasa saɗara biyu. Za a mayar da ita inda take. Azumi yana bakin ƙofa, mun dakatar da zama sai bayan Salla.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Mun dawo aiki cikin zafin bazara, kuma hutun bai ɓata komai ba, sai ma na ga kowa ya riƙe kasonsa ba tare da ya toshe kunne daga na kusa da shi ba, wanda a watan Janairu sai da hakan wasu suke iyawa. Mun rage sarƙar zuwa kusan sulusin waƙar, saura kuwa jagora da amshi ne tsantsa, kuma a haka shigowar muryoyin ta fi tasiri.

Abubuwa biyu ne a gabanmu. Na farko damina. Laima za ta saki fatun kotso amonsu ya faɗi, kuma muryar ƙasa ba ta da sauran wurin sauka, saboda haka muna koyon ɗaukar matakin farawa daga bakin mutum ɗaya maimakon daga kotso, a ɗaure tsarkiya ta bi shi. Na biyu shi ne abin da matan gidan biki suka nuna mana. Muryar mace tana zama sama da tawa ba tare da ƙoƙari ba, a daidai wurin da mai siririyar muryarmu yake shan wahala, kuma waƙoƙin gaɗa da na daka suna cike da gajerun amsoshi masu faɗawa a gurbi. Baba ya ce akwai wata tsohuwar zabiya a unguwarsu da ta san irin waɗannan amsoshi da yawa, zai nema mana izini mu je mu gaishe ta ranar Laraba, mu rera mata gindin mu ji inda ita za ta shigo.